Kawunan Ragunan Yaya Ilu

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar yayana, Likita Ilu, amma ban taɓa nemansa ido rufe kamar makon nan ba. Tsiron da aka cire mini a hanci tun ina budurwa ya dawo, an ce sai aiki. Kwana biyar takardar amincewa na cikin jakata, na kasa sa hannu.

A shekarun saba'in, muna zaune a Samaru, hancina ya toshe har na daina bambance ƙanshi da wari. Yaya ya ce likita ba ya yanka jininsa, ɗalibinsa Likita Bitrus ne zai yi, amma ba zai taɓa ni ba sai hannunsa ya faɗa. Kowace Asabar sai ya hau babur zuwa kasuwar Sabon Gari ya sayo ɗanyen kan rago, ya hana mahauta babbakewa. Har suna suka sa masa, likitan matattun raguna. A baranda yake tsare Bitrus, ya sa shi zura ƙarfe ta hancin ragon, yana nuna masa ƙashin da ya raba hanci da ido, wanda bai fi ɓawon ƙwai kauri ba. Wata uku ina numfashi ta baki, shi kuwa kullum sannu ba ta hana zuwa.

Ranar da haƙurina ya ƙare na babbake kan, na yi farfesu. Yaya ya cinye rabonsa, ya suɗe yatsu, ya ce, "Kin gani, Hajo? Kuskure a kan rago farfesu ne. A kanki kuwa ido ne." Ya ƙara wa Bitrus mako biyu. Da idanuna biyu na fito daga aikin.

Likitan yanzu sa'an jikana ne. A na'ura ya koya, kan mutum na roba da allon kwamfuta mai yin ƙara in hannu ya kauce. Ko Yaya zai yarda? Roba ba ta jini. To amma rago ma bai taɓa cewa wash ba. Na san tsaki zai fara yi, sannan ya ture yaron ya zauna gwadawa. Ni dai tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Jiya na koma asibiti na yi wa likitan tambayar da Yaya zai yi: sau nawa ya fasa ƙashin idon a na'ura?

"Da yawa, Hajiya. Sai da na daina aka bar ni na taɓa mutum."

Yaya bai bar mini gida ko gona ba, Allah ya jiƙansa. Idanun nan ya bar mini, da wannan tambayar.

"To ka gama cin farfesunka," na ce. Bai gane ba. Na ce ya ara mini biro.