Rabin Ayar da Muka Tsaya

Innarmu ba ta karanta Littafi Mai Tsarki yadda sauran mutane ke yi. Tun da aiki ya kawo Baba Goronyo muka zauna, kowace safiya in ta gama shara sai ta shimfiɗa tabarma gindin dalbejiya, ta ɗora yatsa kan aya guda. Ta karanta rabi, ta rufe ido, leɓunanta suna motsi. Sai maganar ta zauna mata sannan yatsan ya matsa gaba. Ni kuwa haushi kamar ya kashe ni, koko yana hucewa muna jiranta. Na taɓa ce mata, "Inna, a haka yaushe za ki kai ƙarshe?" Ta ce, "Gaggawar mi kike yi? Wa ya ce miki ƙarshen nike nema?" Bafulatanar da ke kawo mana nono daga Rimawa takan yi dariya, ta ce Inna tuƙa take yi irin ta shanunsu.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, magana ta ɗauke ɗif. Abin da ya fi ci mini rai, ban san ko tana jinmu ba. Masu zuwa dubiya, 'yan coci da maƙwabta, sai su riƙa zancenta a gabanta kamar ta riga ta tafi. Haba jama'a!

Rannan na zauna gefenta, na kama hannun mai lafiyar, na hau karanta mata Littafin ratata yadda na saba. Sai na ji ta damƙe mini yatsu. Na tsaya. Can an jima ta taɓa ni da babban yatsa, wato in ci gaba. Ashe Inna tana nan! Na yi kuka har na jiƙa takardar.

Haka muka ci daminar nan. Ta damƙe, in tsaya, ta taɓa, in wuce. Wani lokaci aya guda ta kai mu hantsi.

Wata safiya ta tsayar da ni a tsakiyar aya, na zauna ina jiran yatsan. Koko ya huce. Mai nono ta yi sallama ta shigo, ta dubi Inna, ta sauke ƙwaryarta a hankali, ta dafa kafaɗata. Sai a lokacin na gane Inna ta tafi.

Tsinken tsintsiyar da na sa alama yana nan a wurin. Har yau ban karanta sauran rabin ba, don ba ta ce in ci gaba ba.