Hoda a Fuskar Tela

Ni dai Allah bai ba ni wasan kwaikwayo ba. Ko sallama aka ce in yi a gaban kyamara sai harshena ya harɗe. Aikina a ƙungiyarmu ta matasan Rano shi ne riƙe wa mai ɗaukar hoto lema, kuma ban raina ba.

Da muka tashi yin fim ɗin ɗan leƙen asiri, irin na Baturen nan da kowa ya sani a gidan kallo, babu musu abokina tela ne jarumi. Shi ne ma ya tsara labarin: ɗan sandan ciki yana bin sawun ɓarayin shanu daga Rano har Kibiya. Ya haddace komai, har tafiyarsa ta canza.

Sai Alhajin da ya ara mana mota da kyamara ya zo kallon gwaji. Ya dubi tela sama da ƙasa.

"Kai, tun da kake, ka taɓa ganin ɗan leƙen asirin nan baƙi? A ba wancan farin Bafulatanin mai lema, shi ne jarumi."

Abokina ya russuna. "Ranka ya daɗe, ai aikin leƙen asiri sajewa ne. A kasuwar Rano wa ya fi ni sajewa?"

"Sajewar ce ba na so," in ji Alhaji. "So nake a gan shi."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Farin nan gadon uwata ne, ban sha masa wata wahala ba, kuma kowa a wurin ya san ban iya komai ba.

Washegari da hantsi sai ga tela cikin baƙar kwat da ya ɗinka wa kansa, fuska da wuya da hannuwa fari fat da hodar matarsa. Magidanci guda, mai 'ya'ya. Ya tsaya gaban Alhaji ya kama maganar jarumin da ya haddace, wallahi ban taɓa jin ya yi da kyau haka ba. Amma rana ba ruwanta. Gumi ya tsattsaga hodar layi-layi, kamar bangon da ruwan sama ya daka. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi, sauran suka taya shi. Ni na sauke lemar na kare fuskata, kunya ta hana ni kallonsa.

Tela ya ɗauki buta ya wanke fuskarsa, ya tuɓe kwat ɗin ya saka mini. Hannun ya yi mini tsawo, ya durƙusa yana naɗewa, allura a bakinsa.

"Tsaya daidai mana," ya ce, bai ɗago ba. "Kai ka huta, ba sai ka shafa komai ba."