Tatsuniyar da Kakata Ta Yi da Rana

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen bango bayan ruwan sama, sai gabana ya faɗi. Yana tuna min shekarar da kogin Haɗeja ya cika ya shanye ƙauyenmu, ina ɗan yaro.

Kakanmu masunci ne. Shi ya kwashe mu a kwalekwale, ni da ƙannena da kakata, ya sauke mu a kan wani tudu. Ya ce zai koma ya ɗauko buhun gero, don ciki bai san ambaliya ba. Kakata ta riƙe masa riga, ya ɓamɓare hannunta yana dariya, ya tura jirgi ya shige cikin ciyawar kacala.

Azahar ta yi, shiru. Ruwa na ta hawa, ƙannena na kuka. Sai tsohuwar nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Kun san ba a tatsuniya da rana, an ce mai yi ɓata yake yi. Ita ce ma mai ranƙwashinmu in mun fara. Na ce, "Kaka, rana ce fa."

Ta ce, "Yi shiru, angona. In ɓata ne, ya faɗa kaina."

Labarin wani matuƙin jirgi ne na zamanin da, wanda ya bi kogi har teku, 'yar sarkin ruwa ta ƙyasa ta riƙe shi. Mun san ƙarshensa sarai, kullum aurenta yake yi ya zauna can. Amma ranar sai kakata ta sa ya ce akwai mai jiransa a bakin gaɓa, ya sace jirginsa ya kamo hanya. Duk sanda ya kusa gida sai kakata ta ɗaga kai ta dubi ruwa. Ba kowa. Sai ta ƙara masa wata guguwa, ko wani tsibiri. Muryarta ta dushe, ba ta daina ba. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na gane ba mu take rarrashi ba.

Da la'asar maƙwabta suka iso, janye da kwalekwalen kakanmu. Buhun gero na ciki, shi babu. Kakata ta tsaya a tsakiyar magana, kuma har ta bar duniya ba ta ƙara yin tatsuniya ba.

Yanzu yara a waya suke kallon labaransu, dare da rana, ba mai hana su. Kwanaki na gwada ba 'yata wannan tatsuniyar. Da na kai inda kakata ta tsaya, sai ta ce, "Baba, ya isa gida?"

Na ce mata ban sani ba, mu dai a kan ruwa muka baro shi.