Kawu Magagi, Mai Yashe Ƙoramar Gawo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, 1974, bayan azahar, Allah ya karɓi ran Magagi ɗan Kailu a bukkarsa da ke bakin Ƙoramar Gawo, tafiyar rabin yini daga Bonkuku. Labarin ya iske ni a lakwal, makarantar boko, ina gaban allo. Mutum tara suka yi masa salla a garin da ya fi gida ɗari. Ni, Ibrah, ɗan yayarsa, ina cikin gari amma ban je ba. Kunya ce ta hana ni, kuma zan faɗi dalili.

Kawu, ka dawo gida shekarar da ƙasa ta samu mulkin kai, bayan ka yi shekara goma wajen masunta a bakin Kwara. Ka tarar rairayi ya cinye ƙoramar da ke kawo ruwa daga tafkin arewa zuwa tafkinmu. Tsofaffi suna ba da labarin tarwaɗar da iyayensu suka kama a wurin, mu kuwa ƙwallo muke bugawa a kai. Ka zaga wurin kwana uku, ka ce ruwan bai ɓata ba, hanya ce ta toshe masa. Ka ɗauki hauya da kwando.

Rani bakwai kana yasa. Kana kwashe rairayi, kana dasa sabara da gamba a gaɓa don kada ƙasa ta sake zubowa. A duk inda ƙorama ta yi kwana ka haƙa gurbi mai zurfi, ka jefa kututture da rassa a ciki, ka ce kifi ma yana son inuwa da wurin ɓoye ƙwai. A kasuwar Tabla mutane suna nuna ka da baki, suna kiran ka Sarkin Ruwan Tudu. Wata rana matasa suka ɗaure mataccen ƙadangare a ƙugiya suka rataye maka a ƙofa. Ka kwance shi, ka binne, ka riƙe ƙugiyar, ka ce mai kyau ce.

Da damina ta yi albarka a 1967, ruwa ya bi hanyar da ka share masa har ya cika tafki. Ka yi tafiyar kwana biyu da jaki, ka kawo 'ya'yan tarwaɗa cikin tuluna huɗu, kana sake musu ruwa a kowace rijiya. Bayan shekara biyu garin da ya yi maka dariya yana cin miyar kifi. Ba ka taɓa sayar da ko ɗaya ba. Kamun farko na kowace kaka gidan Bintu makauniya kake kai shi. Da manoma suka so korar Yero makiyayi da shanunsa daga bakin ruwa, kai ka fitar masa da mashaya daban, ka shimfiɗa mata duwatsu, don shanu su sha ba tare da sun burma gaɓa ba. Doka ɗaya ka kafa mana: ƙaramin kifi da mai ƙwai a mayar da su ruwa.

Sai fari ya zo. Gero ya ƙone a tsaye shekara biyu a jere, shanun Yero suka zube ɗaya bayan ɗaya, mata suna tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Tafki ya tsage. Gurabanka suka ƙafe, saura ɗaya, mafi zurfi, wanda ke ƙarƙashin babban gawo. Can ka tara kifin da ya rage, ka yi masa rufi da zana, ka koma kwana a bakinsa. Kowace Juma'a kana fitar da kaɗan ka raba wa masu jego da marasa lafiya. Ba zan ɓoye taurinka ba: 'yarka Safi ta roƙe ka ƙari don ɗanta, ka ba ta daidai rabon kowa. Yaron ya rasu kafin ƙarshen sanyi, kuma Safi ba ta sake gaishe ka ba.

Ranar wata Asabar a watan Maris, da hantsi, muka zo maka, mu fiye da arba'in, da ƙwarya da kwanduna. Ka tare mu da hannu biyu a buɗe.

Ka ce, "Ku ɗauki manyan duka, na yarda. Ku bar mini uwaye ashirin. In kunka kwashe su, da mi za mu tada ƙorama ran da ruwa ya dawo?"

Manzo, wanda ya binne 'ya'ya biyu a wannan wata, ya ce, "Ɗiyanmu na mutuwa, kai kana gadin kihi. Kauce, tsoho!"

Ba ka kauce ba. Aka ture ka, ka faɗa kan kututturen da kai ka ajiye da hannunka, ƙugunka ya karye. Kana kwance kana kallo muka kwashe ruwan da ƙwarya muka watsar a kan rairayi, muka tsince kifin har 'yan ƙanana kamar yatsa, sannan muka tone laka muka fitar da gaiwar da ta ɓuya. Ni ina cikinsu, Kawu. Na tsallake ƙafafunka da kwando a kai. Ka kira sunana sau ɗaya, na yi kamar ban ji ba. Kifin bai kai mu kwana huɗu ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi muni. Don kada mu ji nauyinka, sai muka ƙirƙiro maka laifi. Aka ce haƙarka ce ta ɓata wa iskokin kwari rai har sama ta riƙe ruwa. Aka sare sabararka aka yi makamashi. Wata biyu kana kwance, babu mai leƙa ka sai matarka Habsa, da Yero, wanda ba shi da sauran saniya ko ɗaya amma yana kawo maka ruwa daga rijiya. Shi ya gaya mini cewa har kwanakinka na ƙarshe kana roƙon a je a buɗe bakin ƙorama kafin damina, kada rairayi ya sake rufe ta. Ba wanda ya je.

Ranar addu'ar bakwai na daure na shiga gidanka. Na durƙusa na ce, "Inna, ya haƙuri?" Habsa ta dube ni ta daɗe, idonta a bushe. Ta ce, "Haƙuri sai ma'abuta shi. Ibrah, kihin da kunka kai gida, ya yi daɗi?"

Allah Ya jiƙan Magagi ɗan Kailu, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa wahalar da ya sha a hannunmu ta zama kaffara gare shi. Allah Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Habsa, da Safi wadda ta yi rashi biyu a shekara ɗaya, da Yero, da sauran mutum taran da suka tsaya a kansa. Mu kuma da muka tsallake shi yana kwance, ban san da wace fuska za mu nemi gafararsa ba. Allah Ya yafe mana abin da shi ba mu ba shi damar yafewa ba. Amin.