Malam Wa-Ya-Ce da Shaida ta Biyu

An haifi marigayi malamin da ɗalibansa suka laƙaba wa Wa-Ya-Ce a shekarar 1951, a wani gari mai tashar jirgin ƙasa, a gidan wani tela da matarsa mai kitso.

Karatu da aiki

Ya kammala kwalejin horar da malamai a 1973, aka ba shi aji a sakandaren garinsu, inda ya shekara talatin da biyar yana koya wa ɗalibai yadda ake hira da mutum a rubuta tarihinsa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: maganar da ba ta da shaidu biyu ba ta hawa takarda. Ko ɗalibi ya ce ana ruwa, sai ya leƙa ta taga, sannan ya tambaya, "Wa ya ce?"

Aure

A 1978 ya auri wata ma'aikaciyar jinya, bayan wani bincike da ya yi a kanta, wanda danginta har yau ba su yafe masa ba.

Littafin unguwarzoma

A 1986 wata ɗaliba ta kawo hirarta da tsohuwar unguwarzoma, wadda ta shaida mata cewa a 1951 matar wani tela ta haifi jariri babu rai, a makon kuma maƙwabciyarta ta rasu ta bar jinjiri, sai matar telan ta ɗauke shi ta shayar. Malam ya zana sifili da jan biro, ya rubuta, "Bakin mutum ɗaya ne." Amma bai mayar da littafin ba.

Ya zargi abokan aikinsa da kitsa masa sharri, ya zargi ɗalibar, ya zargi tsufan unguwarzomar. Shaida ta biyu kuwa, mai kitson da ta rene shi, tana gidansa, ƙofarta na kallon tasa, kullum yana durƙusawa ya gaishe ta. Mutumin da ya gaji da cewa matambayi ba ya ɓata, shekara goma sha ɗaya tsoro ya ɗaure masa baki, har ta rasu a 1997.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a 2019 bayan gajeriyar jinya, aka binne shi kusa da mai kitson. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya uku: lauya, makaniki, da auta, 'yar jarida. Ita ta tsinci littafin a ƙasan akwatinsa, da tambaya guda cikin jan biro: "Inna, ke kika haife ni?"

Bisa ƙa'idarsa, wannan tarihi ya ce an haife shi a gidan tela da mai kitso. Bai ce ɗansu ne ba. Allah Ya jiƙansu duka.