Muryar da Na Kai Wanki

Har yau idan na kunna na'urar sauti a falona, sai in tsaya jiran wani ɗan gunji, alhali sababbin na'urori ba sa yin sa. Tsohuwar amfilifayar Baba ce ke yi. A cinya ya rungumo ta tun daga Legas, shekarar da aka dawo da ma'aikatarsu Abuja aka ba mu gida a Kubwa. Katifu da tukwane suka bi babbar mota, ita ta zauna a gaba.

Baba mutum ne mai kunne. Waya ta ɗan saki, zai ji. Ran Asabar yakan naɗa auduga a tsinken ashana ya goge bakin rakoda, mu kuwa ko tari an hana mu.

Kada ka ɗauka don waƙa yake wannan hidima. Kakata, mahaifiyarsa, ba ta rubutu, kaset take aiko mana. Ta zauna a rumfarta a ƙauye ta yi wa rakoda magana, direba ya kawo tashar Zuba, Baba ya je ya karɓo. Wa ya haihu, wa ya rasu, gero ya yi ko bai yi ba. Shi kuma ya ɗauki amsa a kan kaset ɗin ya mayar mata. Haka suka yi ta shafe muryar juna, shi ya sa da ta rasu a wata damina, guda ɗaya tak ya rage mana.

Kaset ɗin ya sha wuya. Muryarta na can ƙasa, ƙara ta danne ta, ga ruwan sama a kan kwano, ga kukan akuya. Shekaru Baba na murɗa maɓallai yana neman fito da ita, bai samu yadda yake so ba.

Bara na ce bari in nuna masa ni ma na san zamani. Na kai wa wani mai situdiyo kaset ɗin a cikin gari.

"Oga, duk wannan ƙara za mu wanke ta tas," in ji shi.

Yana gama juyewa a kwamfuta tsohon zaren kaset ɗin ya tsinke ya cukurkuɗe. Ya tambaye ni ko in ya tace ya ajiye mai dattin ma. Na ce na me.

Na zaunar da Baba tsakanin lasifika biyar. Murya ta fito fes. Babu ruwa, babu akuya, babu ko jan numfashinta tsakanin magana. Ya saurara har ƙarshe, hannuwansa a gwiwa.

"Maganarta ce," ya ce. "Amma a ina take zaune?"

Ni kunnena bai ji wani aibu ba a lokacin, har yanzu ma bai ji ba. Na dai tashi na kashe.

Yanzu jikokinsa na tura masa saƙon murya ta waya, tar da ita, ya saurara ya sa albarka. Na Kaka kuwa yana nan a na'urata, ba datti ko kaɗan. Bai taɓa cewa in sake kunna masa ba.