Baƙar Ƙanƙarar Mma

Shekarar da aka ɗora ni a kan injin wankin ƙoda, allura ba ta ba ni wuya kamar ƙishirwa ba. Ƙodata ta daina fitar da ruwa, duk abin da na sha yana nan zaune a jikina sai ranar da inji ya zuƙe shi. Likita ya nuna mini wata 'yar gora ya ce iyakata ke nan a yini, har da koko, har da romo. A zafin Lome! Ni da nake yini a rumfar atamfa ina yage ledar ruwa ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka na daure, har sai da Mma, mahaifiyata, ta shigo cikin lamarin.

Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma taɓa tambayata jiki ido da ido ba. Haka muka gada a gidanmu na Zongo. Da ciwo ya kwantar da ni ba ta yi kuka a gabana ba. Mayafi ta ɗauka ta tafi wajen malamin unguwa, ya rubuta ayoyi a allo ya wanke, ta dawo da ƙatuwar gora cike da baƙin ruwa. Ta dire kusa da ƙafata, tana kallon bango, ta ce, "A shanye."

Ba a zubar da rubutu a kwata. Kuma na san gorar nan ita ce duk maganar da uwata take iya yi mini. Sai na shanye, ta sake kawowa, na sake shanyewa. Ƙafafuna suka kumbura har silifa ta ƙi shiga. Numfashi ya fara gagarata, na koma barci a zaune.

A asibiti, kafin a haɗa mutum da inji sai ya hau sikeli. Nas ɗin da ke kula da ni 'yar ƙabilar Mina ce daga unguwar Bè, mai babbar murya, a bakin marasa lafiya ta tsinci Hausarta. Ta dubi sikeli, ta dube ni.

"Hajiya, teku ka sha?"

Ranar inji ya ja ruwa har jijiyar ƙafata ta ɗaure, na yi ihu ba kunya. Ta zauna tana murza mini, ta rage murya ta ce in gaya mata gaskiya. Na gaya mata, ina jiran dariya ko faɗa. Sai ta ce ita ma in ta yi zazzaɓi, tata uwar kasuwar bokaye ta Akodésséwa take nufa kafin ta tuna da asibiti. "Ka kawo Maman naka," ta ce.

Mma ta zo a kan zemijan, babur ɗin haya da ta rantse ba za ta taɓa hawa ba. Da ta ga jinina yana zagaye cikin roba sai ta kawar da kai. Nas ba ta taɓa zancen malami ba. Goruna ta jera a gabanta, ta ce ga yawan ruwan da ake cirewa daga jikina, in ya ƙaru ƙirji yake hawa, wata rana ba zan iso asibitin ba.

Mma ta dubi gorunan, ta ce, "Wato maganin Allah ne zai kashe ta?"

"A'a, Maman. Rubutu ba shi da laifi. Ruwan ne ya yi yawa."

Muka koma gida. Kwanaki suka wuce babu gora. Ƙafa ta saɓe, numfashi ya dawo, amma zuciyata ba daɗi. Gani nake na kunyata ta a gaban bare, na kuma toshe mata baki. Wallahi wannan ya fi ƙishirwa ciwo.

Wata la'asar ina kwance a tabarma, sai ga ta da ɗan kwano a rufe. Ciki ƙanƙara ce baƙa, ƙanana kamar dabino. Ashe komawa ta yi ta sa malam ya wanke allon da ruwa cikin kofin shayi kawai, ta kai wa maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo ta daskarar mata a firij.

"A tsotsa," ta ce wa bango. "Kada a tauna."

Na jefa ɗaya a baki. Sanyi, da ɗanɗanon gawayi da ƙaro, ya sauka a hankali har maƙogwaro. Na juya mata baya don kada ta ga hawayena, ita ma ta ba ni nata bayan.

Yanzu kusan duk zuwa tare muke, ta ma fi ni iya ciniki da masu zemijan. Ranar farko da sikeli ya tsaya inda ake so, nas ta tafa hannu ta ce, "Bravo, Hajiya!" Mma ta leƙa lambobin da ba ta iya karantawa, ta durƙusa ta danna idon sawuna da babban yatsa yadda aka koya mata. Rabon da hannunta ya taɓa ni tun ina yarinya.

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta dubi nas ta ce, "Kin gani ko? Rubutun ya fara aiki."

"Sosai, Maman," in ji nas.